Murafun Kwalba

Gidanmu da nasu bango ɗaya ne,
Layi na huɗu, barikin Bukabu.
In Mama ta jefa albasa a mai,
Sai Bitrus ya leƙo ta taga:
"Mudassir, ƙamshin ya riga ka sallama."

Ranar da mota ta kwashi su Baba
Ladan bai ƙarasa kiran asuba ba.
Nawa ya dafa kaina da tafin hannu,
Nasa ya ɗaga shi sama yana dariya.
Suka ce wata shida, kamar gobe ne.
Muka bi motar da gudu har bakin ƙofa.

Bitrus ne ya samo gwangwanin madara.
Ya ce kowace rana murfi bibbiyu,
Ja na babansa, kore na nawa.
Muka riƙa tsinta a kasuwar Mami,
Ƙarƙashin benci, bayan firjin mai lemo,
Har mai shago ya fara ajiye mana.

Wata shida ya cika, gwangwani ya cika,
Ba mota, ba ƙaho, ba kowa.
Muka roƙi mai shayi wani gwangwanin.
Baba kan kira in ya hau tudu,
Murya na yankewa kamar tsohon zare:
"Kana karatu? Ka gai da abokinka."

Wata Talata, bayan la'asar,
Mutum biyu suka tsaya a ƙofarsu,
Kowa ya cire hula ya riƙe a hannu.
Bango ɗaya ne, na ji komai.
Ludayi ya faɗi daga hannun Mama,
Ta fita ko takalmi ba ta sa ba.

Bayan mako uku Babana ya dawo,
Ya rame, agogo na yawo a hannunsa.
In ƙofa ta bugu sai ya zabura.
Na rungume shi a ƙuryar ɗaki,
Na toshe dariyata da rigarsa
Don kada ta ratsa bango.

Daga nan na sauya hanyar makaranta,
Na bi ta bayan wurin wankin mota.
In na hango shi sai in duƙa
Ina ɗaure igiyar da ba ta kwance ba.
Me zan ce? Nawa yana shan koko a gida.

Kwana tara, ya tare ni gindin mangwaro.
Idonsa ja, ƙafarsa duk ƙasa.
Ya ce, "Ni fa ban mutu ba, Mudassir.
Kowa na kallona kamar gilashi,
Har kai ma?"
Na rasa baki. Muka zauna.
Tururuwa na jan ƙwaro ta gabanmu,
Muka bi ta da ido har rami.

Can ya ce, "Tambayo mini babanka,
A can ɗin yana dariya kuwa?"
Baba ya daɗe yana kallon tabarma,
Sannan ya fito da kansa, ya tsuguna:
"Kullum. Ga waƙa, ga muryar gwangwani.
Shi ke raba mana garin kwaki,
Kuma duk bataliya ta san sunanka."
Bitrus ya yi dariya, hawaye na zuba.

An ba su wa'adi su bar gidan,
Za su koma Zonkwa wurin kakarsa.
Daren tafiya muka zazzage murafun,
Ya ture mini jajayen gabana,
Ya kwashe korayen a aljihu.
"Riƙe mini nawa, in riƙe maka naka."

Yanzu wasu ne a bayan bangon,
Suna da jariri mai kukan dare.
Jiya Mama ta jefa albasa a mai,
Na tsinci kaina ina kallon taga.
Na jawo gwangwani na ƙirga jajayen,
Ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Babu wanda ya ɓata.